Yabo a Wurin Aiki: Ina Yake Tafiya?



Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a ƙasar nan ya san takardar tuhuma, wadda muke kira kweri. Yau ka makara, gobe ka makara, jibi kafin azahar an buga ta, an sa hannu, kwafi ya tafi fayil ɗinka. To a cikinku wa ya taɓa samun takardar yabo da irin wannan sauri? Akawun da ya hana idonsa barci yana haɗa lissafin albashi don kada jama'a su shiga sallah hannu rabbana, ladansa shiru ne.

Ba wai ba mu iya yabo ba. Mun iya, har ya yi yawa, sai dai sama yake tafiya. Ranar da aka ƙara wa darakta girma, ofis ya cika da "ranka ya daɗe, ai dama kai ne", a sayi shafi guda a jarida don taya murna. Masinjan da ya yi ta safa da marwa da fayilolin har aka kai ga haka kuwa, ko sunansa ba kowa ya sani ba. Irin wannan yabo bambaɗanci ne, neman shiga ne.

Iyayenmu manoma sun fi mu sanin kan abin. A wurin gayya, makaɗi kan bi samari kunya-kunya, wanda ya yi gaba ya kira sunansa da na ubansa a kan idon tsaransa. Nan take za ka ga garma ta ƙara nitsewa, na baya sun zabura. Yabon ya zo a lokacin da gumi bai bushe ba, ya ambaci mutum, ya ambaci abin da ya yi.

A 1959, Ba'amurke Frederick Herzberg da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a yankin Pittsburgh, inda suka tambayi injiniyoyi da akantoci kimanin 200 lokutan da suka fi jin daɗin aiki da waɗanda suka fi ƙuntata. Wajen jin daɗi, cim ma nasara da yabawar na gaba ne suka fi fitowa. Wajen ƙunci kuwa, tsarin gudanarwa da halin shugabanni. Kafin Herzberg da ƙarnoni, hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane.

Amma kada wani oga ya fake da maganata. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kuma kun san inda yake ƙarewa a kasuwa. "Sannu da ƙoƙari" ba ta biyan alawus ɗin da aka riƙe wata shida.

Akwai masu cewa in ka yabi yaro kansa zai kumbura. Ni abin da na fi gani yana ɓata ofis shi ne yabon ɗan lele: mutum ɗaya ake ambata a kowane taro, sauran su koma aikin ganin ido. Shugaban sashe ya zagaya da kansa, ya san nas ɗin da ta riƙe ɗakin haihuwa ita kaɗai daren jiya, ya faɗi sunanta a taron safe, sannan ya rubuta, domin ranar da kwamitin ƙarin girma zai zauna, takarda kaɗai zai duba.