Ɗalibi da Inshorar Lafiya: A Yanki Kati Tun Ana Kan Ƙafa



Shugaban taro, malamaina da ke zaune a wannan teburi, shugabannin ƙungiyar ɗalibai, ƙannena maza da mata, barkanmu da wannan lokaci. An ce in yi magana a kan inshorar lafiya, kuma na san ba batu ne mai cika ɗakin taro ba. Da tallafin karatu aka ce za a raba, da yanzu wasu ta taga suke leƙe. Don haka ina gode wa waɗanda suka zo.

Zan fara da waɗanda suke ganin maganar ba ta shafe su ba, wato 'ya'yan ma'aikatan gwamnati. Sau da yawa idan aka tambayi ɗalibi ko yana da inshora, sai ya ce, "Ai ina cikin ta Baba." To, tsarin inshorar ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci ne da matarsa guda, ko ma'aikaciya da mijinta, sai 'ya'yan cikinsu huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Wanda ya cika 18 ya fita. Shekarar da yaro yake barin gaban iyayensa ya tafi wani gari karatu, ya fara cin abincin da ba a gidansu aka dafa ba, ya fara hawan motar haya daga Gusau zuwa Zariya ko daga Potiskum zuwa Kano, ita ce shekarar da sunansa ke faɗuwa daga jerin. A gida irin namu kuwa, mai mata biyu ko uku da 'ya'ya goma sha, wasu tun farko ba su taɓa shiga ba. Balle ɗan manomi da ɗan mai shago, waɗanda su ne mafi yawa a cikinku. A Amurka sun ga irin wannan giɓi, shi ya sa dokar lafiyarsu ta 2010 ta bar matashi a kan inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. Mu namu har yanzu 18 ne, kuma a ganina wannan abu ne da ya kamata 'yan majalisa su sake dubawa. Amma ciwo ba zai jira majalisa ba.

Wa ke biyan kuɗin magani a Najeriya? Mara lafiya da danginsa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, a bakin tagar biyan kuɗi. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya; gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika alƙawarin ba. Sannan daga 2023, da aka cire tallafin man fetur aka saki darajar naira, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, domin yawancin magungunanmu, ko sinadaran haɗa su, daga waje ake shigo da su. A shekarar ne kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya. Duk mai asma a cikinku ya san abin da ya sami kuɗin abin shaƙarsa daga nan.

Yaya ɗalibi yake yi da wannan hali? Kun fi ni sani. Zazzaɓi ya zo, a tafi kyamis, a ce a haɗo na ɗari biyar. Ba gwaji, ba tambaya. A sha rabi, jiki ya ɗan yi sauƙi, a ajiye sauran don gaba. Ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, matasanta masu ilimi suna maganinsa da kintace. Ciwon ciki kuwa duk gyambon ciki ne ko taifot, har ranar da za a kwashi mutum ranga-ranga, likita ya ce afendis ne ya fashe, a kawo kuɗin tiyata yanzu-yanzu. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan tun 2024 naira dubu 70 ne a wata, kuma ba zai biya wannan tiyata a asibitin kuɗi ba.

Daga nan sai abin da kowa ya sani: hoton ɗan ajinku a kan gadon asibiti yana yawo a WhatsApp, da lambar asusun banki a ƙasa, ana cewa a taimaka don Allah. Ba na raina wannan. Alheri ne, kuma ya ceci rayuka. Amma ku duba yadda yake. Kuɗin yana zuwa bayan ciwo ya ci ƙarfi. Yawansa ya danganta da farin jinin mara lafiya, don mai jama'a ya fi samu, mai kunya da baƙo su sha wuya. Kuma sai an buɗe sirrin mutum da na gidansu kafin a samu. Karo-karo dai muna yi, sai dai muna yin sa a makare, cikin firgici. Abin da nake kira a kai shi ne a yi wannan karo-karon tun kowa yana kan ƙafarsa.

Tsarin yana nan a doka. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, ya fara aiki a 2005. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta mai da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Duk da haka waɗanda suka shiga ba su wuce mutum ɗaya cikin goma ba. A ƙarƙashin hukumar akwai shiri na musamman don ku, wanda ake kira TISHIP, na ɗaliban jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi da makamantansu. Ɗalibi yana biyan ɗan abin da aka yanka sau ɗaya a shekara, yawanci a cikin kuɗin rajista. Asibitin makaranta ne matakin farko: ganin likita, gwaji, magani. Idan abin ya fi ƙarfinsa, sai a tura ka babban asibiti da takarda da lambar izini daga kamfanin da ke riƙe da kuɗin, irin waɗanda ake kira HMO. Ban da wannan, jihohi sun kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, kuma suna karɓar wanda ba ma'aikacin gwamnati ba. Akwai kuma GIFSHIP na tarayya, wanda mutum ɗaya ko iyali ko ƙungiya za su iya shiga da kansu.

Saboda haka marasa inshora a cikinku kashi biyu ne. Akwai wanda makarantarsa ba ta cikin shirin, ko irin karatunsa bai shiga ba. Shi wannan sai ya nemi ta jiha ko ta tarayya. Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne na biyun: ya biya, bai sani ba. Kuɗin yana nan a rasiɗinsa, layi ɗaya a tsakanin kuɗin laburare da na wasanni, amma bai taɓa taka asibitin makaranta ya buɗe fayil ba, ba shi da kati, bai san sunan kamfanin da aka ba kuɗinsa ba. Ranar da adaidaita sahu ta kife da shi cikin dare aka kai shi asibitin cikin gari, babu wanda zai iya nuna cewa yana da wani haƙƙi. Abokai su yi karo-karo su biya abin da ya riga ya biya.

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: "Ni lafiyata ƙalau, shekara nawa rabona da asibiti, me zai sa in biya?" Allah ya ƙara lafiya. Amma kai ɗin ne ake nema. Kun san adashe: kowa ya zuba, kowa ya kwasa idan layinsa ya zo. Inshora ta bambanta da shi a wuri ɗaya, wato ba layi ake bi ba, wanda ciwo ya kayar shi ke kwasa. Idan marasa lafiya kaɗai suka shiga, asusun ba zai kai watan uku ba. Yana tsayawa ne saboda dubban masu lafiya sun zuba kaɗan-kaɗan, 'yan ƙalilan suka buƙata. Shekarar da ba ka je asibiti ba, kuɗinka bai faɗi ƙasa ba. Ya zama ledar jini ga ɗan ajinku mai sikila, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar masu wannan cuta. Ya zama awon ciki ga matar aure da ke zama a bayanka a lacca. Kuma ku sani, tsare-tsare da yawa suna da lokacin jira tsakanin rajista da fara cin moriya, don kada mutum ya bari sai ya kwanta sannan ya aiko a yankar masa kati.

Sai maganar addini, wadda ba zan tsallake ba, domin ita ce ta fi hana mutanenmu, ko da ba su furta ba. Gaskiya ne malamai sun yi magana a kan inshora. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayar da alkawari don cin riba, akwai garari, wato rashin tabbas, mai yawa a cikinta, ba ta halatta ba. Amma a wannan hukuncin dai ta ce madadinta shi ne inshorar taimakon juna, wadda aka gina a kan sadaukarwa da haɗin kai. Mutane sun riƙe rabin farko na fatawar, sun bar na biyu. A kan rabin na biyu aka gina takaful, wanda kamfaninsa na farko ya buɗe a Sudan a 1979, kuma hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a Najeriya a 2013. Asalin abin ma ya girmi duk wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ash'arawa, waɗanda idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yabe su a kan haka. Malaman zamani da yawa sun sanya shirin lafiya na gwamnati, wanda ba don riba aka kafa asusunsa ba, a wannan babi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya ɗauki takardar bayanin shirin ya kai wa malamin da ya amince da shi. Kada dai ya tambaye shi a dunƙule, ya ce "mene ne hukuncin inshora?" Ya nuna masa wannan ɗin. Mai cewa yankar kati kiran ciwo ne kuwa, ko rashin tawakkali, to ya gaya mini dalilin da ya sa yake kulle ƙofar ɗakinsa idan zai tafi lacca.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda ya fi ƙarfi, kuma ba zan ce ƙarya ne ba. Ana cewa mai kati shi ake bari a benci, mai kuɗi a hannu ya wuce. Ana cewa ka je ɗakin magani a ce babu, a rubuto maka ka saya a waje. Ana cewa lambar izinin turawa tana ɗaukar awanni, mara lafiya na kwance. Duk suna faruwa. Asibitoci suna kukan cewa abin da ake biyansu bai kai tsadar magani ba, kuma wasu kamfanonin suna riƙe musu kuɗi. Sannan shirin bai ɗauke komai ba. Akwai manyan jinyoyi da ba sa ciki, ko ake biyan wani ɓangare kawai. Duk wanda ya ce muku da kati an gama, ya yaudare ku.

Amma wa ke da bakin yin ƙorafi? Mai kati. Wanda ba ya cikin shirin roƙo kawai zai iya yi. Ku kuma kuna da abin da ɗan kasuwa shi kaɗai ba shi da shi: kuna da yawa, kuna wuri ɗaya, kuna da ƙungiya. Shugabannin ɗalibai, a nan zan juyo kanku. Kuna iya rufe ƙofar makaranta saboda an ɗauke wuta ko an ƙara kuɗin mota. Ban cika jin kun nemi a nuna muku ɗalibai nawa aka karɓi kuɗin lafiyarsu bana, wane kamfani aka ba, nawa ya isa asibitin makaranta, me ya sa babu magani ba. Ku nemi kujera a kwamitin da ke kula da shirin. Ku nemi a liƙa jerin abubuwan da shirin ya ɗauka a bangon asibiti da ɗakunan kwana, da Hausa da Turanci, tare da lambar da za a kira cikin dare. Hukumar NHIA tana da ofisoshi a jihohi, kuma karɓar ƙorafi yana cikin aikinta. Hukumomin makaranta kuwa, tare da girmamawa, roƙona shi ne a haɗa buɗe fayil a asibiti da rajistar sababbin ɗalibai, yadda ba wanda zai kammala ɗaya bai yi ɗayan ba, a kuma fayyace wa ɗalibai matsayinsu a lokacin hutu da lokacin yajin aiki.

Ƙannena, idan kun koma ɗaki yau, ku ciro rasiɗin rajistarku ku duba. In kun ga kuɗin lafiya a ciki, ku je asibitin makaranta cikin makon nan da katin shaidarku da hoto, ku buɗe fayil, ku rubuta lambar a waya, ku kuma ba abokin ɗakinku ita. In ba ku gani ba, ku nemi ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ku tambayi nawa ne na shekara, ku gaya wa iyayenku kafin a shiga sabon zango.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.