Darajar Gida a Wajen Katanga Take: Lacca Kan Sayen Gida a Sababbin Unguwannin Kazaure

 



An nemi in yi magana a kan sayen gida da zama a sababbin unguwannin da ke tasowa a bayan gari. Abin da nake so mu fita da shi daga ɗakin nan guda ɗaya ne: abin da ke ba gida daraja yana wajen katangarsa. Takardarsa, da layin da ke ƙofarsa, da hanyar da ruwa ke bi idan sama ta zubo, da mutanen da ke kewaye da shi, su ne gidan. Fenti da tayil kowa na iya canzawa. Waɗancan kuwa in an kuskure su, sai dai a tashi.

Kowa ya ga yadda garin nan ya buɗe. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ma'aikata suka ƙaru. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da malamanta da ɗalibanta, ga makarantar koyon kwamfuta, ga titin Kano zuwa Daura da ya ratsa mu. A 2021 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura, a shekarar ce kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda Kazaure ke kan hanyarsa. Kowanne daga cikinsu ya ɗaga kuɗin ƙasa. Gonar da ake noma gero da gyaɗa jiya, yau an kafa mata turaku an ce fulotai ne.

Mu fara da takarda. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙewa shi ne haƙƙin zama da amfani. A yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ke ba da wannan haƙƙi, da takardar shaidar mallaka wadda galibi ta shekara 99 ce. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke bayarwa. Dokar ta ce wanda ke riƙe da takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna. Ta kuma ba gwamnati damar karɓe fili don amfanin jama'a, kamar titi ko layin dogo, diyyar da za a biya kuma ta abin da aka gina ne ko aka shuka, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka kafin ka ƙirga wa kowa kuɗi, ka je ofishin ƙasa ka tambaya: wurin nan yana cikin wani tsari na gwamnati? An taɓa ba wani shi?

Mu dubi yadda cinikin yake gudana a zahiri. Dillali ya ɗauke ka a babur da la'asar, ya nuna maka turaku huɗu, ya ce hamsin da hamsin ne, kuma akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe. Hankalinka ya tashi. A ƙofar gidan mai fili aka yago takarda daga littafin makaranta, aka rubuta, shaidu biyu suka dangwala, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha. Babu wanda ya tambayi yadda mai filin ya same shi. Bayan shekara biyu, ka kai linta, sai ga sammaci daga kotun shari'a. Ashe gonar gado ce da ba a raba ba, babban ɗa ne ya sayar, ƙannensa mata ba su sani ba, matar marigayin ma ba a fitar mata da tumuninta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, abokin tarayya a cikin ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi abin da aka sayar. Abin da ya zarce rabon mai sayarwar kuwa dama ba nasa ba ne balle ya sayar. Don haka in an ce maka gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ka ga magadan da idonka, mata da maza. Sa hannun mai unguwa da dagaci da hakimi yana da nauyi, domin sun san tarihin kowace gona, amma ba ya maye gurbin rajista.

Sai layi da ruwa. Bambancin awon gwamnati da awon igiya a nan yake. A awon gwamnati ana ware titi da makaranta da masallaci da magudanar ruwa kafin a raba fulotai. A awon igiya mai gona ne ke yanka, kuma duk taku ɗaya da ya bar wa hanya, asara ce a wurinsa. Sai ya bar ɗan siririn layi. Masu gini su zo, wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa ramin masai a waje, na gaba ya ƙara shago. Ƙarshenta motar yashi ba ta shiga, motar kashe gobara ba ta shiga, mace mai naƙuda sai an tallabo ta zuwa bakin titi, ranar rasuwa kuma sai an karkata makara kafin ta sha kwana. Arhar da aka yi murna da ita ranar ciniki bashi ce, unguwa za ta yi ta biya har jikoki.

Garinmu gari ne na duwatsu da gangare, ga dam a gefe. Ruwan da ya sauko daga tudu yana da hanyar da ya saba bi tun kafin a haife mu, kuma ba ya karanta takardar ciniki. Filin da ka gani a watan Maris fes da shi, a watan Agusta yana iya zama kududdufi. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jigawa abin da ruwa ke yi wa gidan da ya tare masa hanya. Shawarata ita ce, ka ziyarci fili da damina bayan an ɗauke ruwa, ka tambayi manomin da ke maƙwabtaka da wurin, domin ya fi dillali sanin inda ruwa ke kwana. Ka kuma duba tazarar da ke tsakanin masai da rijiya, naka da na maƙwabcinka.

Game da kuɗi, yawancinmu da kaɗan-kaɗan muke gini: adashi, kuɗin amfanin gona, a buga bulo bana, a sa kwano baɗi. Ma'aikata su tuna akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya kuma ya ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari har zuwa shekara 30. Da yawa cikinmu suna gudunsa saboda riba, kuma yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, masu tsarin murabaha da ijara. Amma ko wanne ka nufa, tambayar farko ita ce ina takardar fili. Takardar littafin makaranta ba ta buɗe wannan ƙofa.

Na ƙarshe shi ne maƙwabta. A cikin gari mun gaji unguwa a shirye, kowa ya san gidan kowa, akwai zaure, akwai dattijon da ke tsawatarwa. A sabuwar unguwa malamin kwaleji ne da ɗan kasuwa da ɗan sanda da manomin da ya sayar da gonar, kowa ya ja doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Alhali matsalolinsu a haɗe suke: taransifoma in ta ƙone, rijiyar burtsatse in ta lalace, kwata in ta toshe, kuɗin 'yan sintiri, inda yara za su yi Islamiyya. Babu ɗaya da mutum zai magance shi kaɗai. Unguwar da ta kafa kwamiti tun tana da gida goma, da ma'aji da littafin shiga da fita, takan tsare layinta ta kuma ware filin makaranta kafin ya yi tsada. Wadda ta jira sai ta cika, rigima ce ke haɗa ta taro.

Ina roƙon abubuwa uku. Ƙananan hukumominmu da ma'aikatar ƙasa su riga masu igiya isa gonakin bakin gari, su kuma sauƙaƙa rajista yadda talaka zai iya. Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah ya ƙara muku girma, kada ku sa hannu a cinikin da ba a bar hanya ba, ko gadon da ba a raba ba. Mu kuma masu saye, mu daina bari gaggawar dillali ta zama tamu. Filin da ba zai jira ka yi bincike na mako biyu ba, ka bar shi ya tafi.

Allah ya ba kowa muhalli na halal da maƙwabta nagari.