Zaɓen Ƙaramar Kwamfutar da Za Ta Sarrafa Teburin Yankan Ƙarfe na Filasma: Ma'aunin da Ya Dace da Kafin Hausa da Kwarin Haɗeja

Gabatarwa



Yawancin yinin mai walda a wurin yanka yake ƙarewa. A zana da alli, a bi da giranda ko wutar gas, a dawo a goge baki, sannan a tarar guda biyun da ake so su zo daidai sun saɓa. A ƙasar noma irin masarautar Haɗeja, inda shinkafa da alkama suka cika fadamun Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma, buƙatar yankakken ƙarfe ba ta yankewa: kayan injin casa, bakin garmar shanu, mazaunin injin ban ruwa, da adon ƙofar gida. Teburin filasma mai aiki da kwamfuta, wanda ake kira CNC, yana ɗaukar zane ya yanke shi sau hamsin ba tare da wani ya bambanta da ɗan'uwansa ba. Ɗalibi a Jami'ar Sule Lamido da ke nan Kafin Hausa, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, zai iya haɗa ƙarami don sha'awa da koyo, kuma sau da yawa daga sha'awa sana'a take tsirowa. Wannan takarda ta taƙaita ne ga kwamfutar da za ta ja ragamar teburin. Matsayina shi ne a zaɓe ta bisa juriyarta ga yanayin shago da sauƙin maye gurbinta, domin ƙarfin lissafin da aikin ke nema kaɗan ne ƙwarai.

Abin da teburin ke nema daga kwamfuta

Injin filasma yana hura iska mai matsi ta wani ɗan tsukakken baki, wutar lantarki ta ratsa iskar, zafinta ya haura digiri 20,000, ta narkar da ƙarfe ta fesar da narkakken. Motoci, wato ƙananan injuna masu juyawa da lantarki, masu tafiya taku-taku su ne ke yawo da bakin wutar a kan tebur, kuma kowane taku sai an aiko masa da bugun lantarki guda. A ɗauka ana yanka da saurin mita 3 a minti, wato milimita 50 a daƙiƙa, kuma an saita teburin a kan taku 100 ga kowace milimita. Ke nan ana buƙatar bugu 5,000 a kowace daƙiƙa, a jere, babu gaggawa babu jinkiri. Idan kwamfutar ta shagala da wani abu na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, tafiyar milimita 5 ce ta rikice, bakin wuta ya tsaya ya huda rami a inda ba a so, ko motar ta ɓatar da taku, duk sauran zanen ya goce. Ga kuma batun tsayi: bakin wutar yana tafiya ne kimanin milimita ɗaya da rabi a saman ƙarfe, alhali zafi yana sa siririn ƙarfe ya lanƙwashe ya taso. Don haka dole a riƙa auna ƙarfin wutar da ke tsakanin baki da ƙarfe, ana ɗagawa ana saukewa nan take.

Saboda haka sifar da ake nema ita ce cika alkawarin lokaci. Manhajar LinuxCNC, wadda asalinta aikin hukumar NIST ta Amurka ne a shekarun 1990, kuma kyauta ake samunta, tana sabunta lissafin motsi sau 1,000 a daƙiƙa, tana kuma ɗauke da gwajin da ke auna yawan lattin da kwamfuta ke yi. Bayanan manhajar sun nuna cewa lattin da bai kai kashi 20 cikin miliyan na daƙiƙa ba ya yi kyau matuƙa, wanda ya kai 100 bai dace a bar wa kwamfutar fitar da bugu da kanta ba, wanda kuma ya haura 1,000 a nemi wata kwamfutar kawai. Abin lura shi ne sakamakon gwajin ba ya bin farashi. Tsohuwar kwamfutar ofis tana iya doke sabuwar laftof mai tsada, domin laftof an gina ta ne ta riƙa rage gudu don tattalin batir da rage zafi, kuma wannan dabarar ita ce ke haifar da latti.

Abubuwa huɗu da ke kashe kwamfuta a shagonmu

Na farko shi ne hargitsin lantarki. Yawancin injinan filasma masu araha, irin su CUT-50 da LGK, suna kunna wutarsu ne da tartsatsi mai ƙarfin gaske, kuma wannan tartsatsin yana watsa hargitsi ta iska da ta waya. A daidai lokacin da bakin wuta ya kama, sai linzami ya daskare, ko allo ya yi ƙifta, ko haɗin USB ya yanke. A nan ne bambancin waya yake bayyana. Wayar USB tana haɗa jikin kwamfuta da jikin allon sarrafawa, wato na'urar da ke tsakaninta da motocin tebur, kai tsaye, kuma ba a so ta wuce mita 5. Haɗin Ethernet kuwa yana da 'yar taransifoma a kowace mashiga da ke raba ɓangarorin biyu, wayarsa kuma tana iya kai mita 100. Wannan ya ba da damar ajiye kwamfuta nesa da tartsatsi.

Na biyu shi ne ƙura da zafi. Ƙurar hunturu ta ishi kowace fanka aiki, to balle an haɗa ta da garin ƙarfen da filasma da giranda ke fitarwa, wanda idan ya kwanta a kan allon kwamfuta yana iya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano kuwa abin ya fi haka. Na uku shi ne wutar lantarki. Ko ta KEDCO ce ko ta janareta, injin filasma da injin matsa iska suna jan kilowat da dama, kuma duk lokacin da suka tashi sai wuta ta yi ƙasa. Kwamfutar da ke layi ɗaya da su za ta iya mutuwa a tsakiyar yanka, a yi asarar faifan ƙarfen da aka ɗauko tun daga Ƙofar Ruwa a Kano. Na huɗu shi ne nisan kayan gyara. Na'urar da sai an yi odar ta daga waje an jira makonni, ranar da ta lalace teburin ya zama wurin ajiye tarkace.

Zaɓin da ya fi dacewa

Idan aka ɗora waɗannan a ma'auni, abin da ya rinjaya shi ne ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny, mai mashigar Ethernet, an fi so ta Intel. Kamfanoni sun saye su da yawa, masu gyara a titin Beirut da ke Kano sun san cikinsu, kuma tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, waɗanda ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba sun zama kayan da ofisoshi ke rabuwa da su, alhali LinuxCNC ba ruwanta da waɗancan sharuɗɗan. Wutar da suke ci ba ta wuce ta ƙaramar laftof ba, don haka batir guda da ƙaramar inbata ko sola sun isa su raba su da layin injin filasma gaba ɗaya.

Sai a sauke wa kwamfutar nauyin fitar da bugu, a ɗora shi a kan allon sarrafawa na waje, kamar Mesa 7i96S, wanda ake haɗawa da ita ta Ethernet. Kwamfuta ta yi lissafin hanya, allon ya fitar da bugu da agogonsa, ɗan ƙaramin allon THCAD kuma ya karanto ƙarfin wutar bakin yanka. Fuskar QtPlasmaC da ke cikin LinuxCNC 2.9 tana kula da hudawa da gyaran tsayi ba tare da an sayi wata na'urar gyaran tsayi daban ba. Kwamfuta da allon su zauna cikin akwatin ƙarfe mai matatar iska, a liƙe a bango sama da ƙasa, domin wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 a wannan yanki ba ya buƙatar a faɗa masa dalili. A kafa sandar ƙarfe a ƙasa kusa da tebur, a tattara duk wayoyin kariya a wuri guda a kanta, kada kuma wayar bakin wuta ta bi hanya ɗaya da wayoyin saƙo. Sannan a keɓe kwamfutar ga wannan aiki kaɗai: babu kallon fim, babu cajin waya, babu intanet lokacin yanka. Zane a yi shi a wata kwamfutar da Inkscape ko FreeCAD, a kawo a filas.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce 'yar kwamfutar Raspberry Pi ta fi ƙanƙanta da ƙarancin cin wuta, kuma LinuxCNC tana aiki a kan ta 4 da ta 5. Gaskiya ne, kuma wanda yake da ita a hannu zai iya farawa da ita. Sai dai idan aka haɗa kuɗin caja mai inganci da akwati da abin sanyaya, ratar farashin takan tsuke. Tana rage gudunta da kanta idan zafin cikinta ya kai wajen digiri 80 zuwa 85, abin da ba shi da wuya a bazara, kuma katin ajiyarta yakan lalace idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu. Mafi muhimmanci, ba kaya ba ce da ake samu a kowane shagon gyaran kwamfuta.

Wani kuma zai ce manhajar Mach3 ce mutane suka sani, a kan Windows take, ga darussanta barkatai. Sabo yana da daraja, amma hanyarta ta asali ta dogara ne da tsohuwar mashigar firinta mai ƙafa 25 da Windows mai bit 32, waɗanda ƙananan kwamfutocin yanzu ba su zuwa da su. Masu kauce wa wannan sukan koma ga allunan USB masu araha, wato su faɗa cikin matsalar hargitsin da aka bayyana. Haka abin yake ga allon Arduino mai manhajar GRBL: makaranta ce mai kyau ga mai koyon motsa tebur, amma gyaran tsayi sai an nemo masa wata na'ura.

Ja na uku ya fi nauyi. Akwai na'urorin sarrafawa 'yan Sin masu zaman kansu, kamar Fangling F2100B, masu allonsu da maɓallansu, an gina su don shago, ba sa buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Ga mai shagon da burinsa ya yanka ƙofofi daga safe zuwa yamma, wannan zaɓi ne mai hankali, kuma ba na musa shi. Amma rufaffen akwati ne. Idan ya lalace sai a sayi wani, kuma ɗalibi ba zai iya buɗe cikinsa ya ga yadda ake lissafin motsi ba. Teburin sha'awa rabin amfaninsa ilimin da mai shi zai samu ne, ilimin da gobe zai ɗauka ya kai kan injin sassaƙa katako ko injin gurza ƙarfe da manhaja ɗaya.

Ja na ƙarshe a kan hujjata yake: na yi ta maganar sauƙin gyara, alhali allon Mesa daga Amurka ake kawo shi da dala. Wannan gaskiya ce, kuma shi ne rauni mafi girma a tsarin. Amsata ita ce allon ba shi da fanka ko wani abu mai juyawa, yana zaune a rufe, don haka abin da ya fi saurin gajiya shi ne kwamfutar, ita ce kuma aka zaɓa daga kayan da ke kusa. Duk saitin teburin 'yan fayiloli ne da za a kwafa a filas, idan kwamfuta ta mutu a ɗora su a kan wata a ci gaba. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya nemi tsohuwar kwamfutar tebur mai mashigar firinta, ya gwada lattinta, idan ta ci gwajin ya fara da ita da allo mai araha, ya tara kuɗin na gaba.

Kammalawa

Shawarata ga mai niyya ita ce ya bi wannan jeri. Ya fara da injin filasma, ya nemi wanda ba ya kunnawa da tartsatsi idan da hali, domin wannan kaɗai yana kawar da mafi yawan hargitsi. Sai ya tsayar da manhaja da allon sarrafawa, kwamfuta ta zo a ƙarshe. Ranar saye ya tafi da LinuxCNC a filas, ya roƙi mai shago ya bar shi ya kunna gwajin latti na tsawon lokaci yana buɗe wasu manhajoji don wahalar da ita, ya saya bisa lambar da ya gani. Ga manyan makarantunmu na Kafin Hausa da Haɗeja kuma, ina kira da su gwada irin waɗannan kwamfutoci a zafin Afrilu da ƙurar Janairu, su wallafa sakamakon da Hausa, su kuma buɗe ƙofar ɗakunan gwajinsu ga masu walda na gari. Masu walda sun san ƙarfe, ɗalibai sun san kwamfuta, kuma teburin filasma ba ya tashi sai an haɗa ilimin biyu.