Shekarar "Wi" da "No"

Wanga jawabi an karanta shi gaban ɗaliban yaƙi da jahilci na Babankatami. An buga shi nan don cibiyoyin Madawa da Buza da Keita su ma su karanta, su tattauna.

Samari, ku matso kusa, labarin na kakanninku ne.

Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO, gardama ba ta ƙare ba a kasuwa, da tasha, da gindin bedi. Wani shi ce an yi daidai, wani shi ce an yi gaggawa. To, ba yau ne farau ba. Cikin shekarar 1958 an yi irin wagga gardama a ƙasar nan, har ta raba wa da ƙane, ta raba sarki da talakawanshi. Kalmomi biyu na Faransanci ne sunka kawo ta: "wi", watau i, da "no", watau a'a.

A lokacin nan Nijar tana hannun Faransa. Gwamna nasara ne, shina zaune Yamai. Kumandan shina bariki da gardawanshi. Amma abubuwa sun fara sakewa. An hana aikin tilas a 1946. A 1956 anka yi doka ta ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. Cikin watan Maris na 1957 anka zaɓi majalisa mai kujera 60. Jam'iyyar Jibo Bakari, wadda anka sani da suna Sawaba, ta samu 41. RDA ta Jori Hamani ta samu 19. Jibo ya zama jagoran ministoci ƴan ƙasa, amma gwamna shina bisanshi.

Jibo da Jori ƴan uwan juna ne. Dukansu an haife su Sudure, kusa da Yamai. Dukansu malaman makaranta ne. Tare sunka fara siyasa cikin RDA, daga baya sunka rabu. Alamar RDA giwa, alamar Sawaba raƙumi.

Abin da anka tambayi mutane

A 1958 rikicin yaƙin Aljeriya ya maido da Janar Dagol bisa mulkin Faransa. Ya sa anka rubuta sabon tsarin mulki mai aya 92. Cikinshi akwai wata tarayya ta Faransa da ƙasashen Afirka da ke hannunta, ana ce mata Kominote. Anka ce kowace ƙasa ta jefa ƙuri'a.

In ƙasa ta ce "wi", tana cikin tarayya. Za ta riƙe al'amuranta na cikin gida. Amma soja, da kuɗin da ake kashewa, da hulɗa da ƙasashen waje, da manyan ma'adinai, duk na tarayya ne. Shugaban tarayya kuwa shi ne shugaban Faransa.

In ƙasa ta ce "no", ta samu mulkin kai nan take. Amma ba taimako, ba rance, ba ma'aikata. Dagol bai ɓoye ba. Cikin watan Agusta ya zagaya Barazabil, da Abijan, da Konakiri, da Dakar, shina faɗin haka. Bai sauka Yamai ba.

Takardar nan da Faransanci anka rubuta ta. Cikin ƙauyukan Adar da Gobir, mutum nawa ne sunka iya karanta ta? Manomi sai abin da anka faɗa mishi. Wanda ya faɗa mishi kuwa shina da nashi ra'ayi.

Jibo da Sawaba sunka ce "no". Jori da Bubu Hama da RDA sunka ce "wi".

Masu "no" suna da hujjarsu. Gana ta samu mulkin kai tun ranar 6 ga Maris 1957. Ƴan ci-rani da sunka je Kumasi da Akara sun gani da idonsu, baƙar fata shina mulkin ƙasarshi, kuma sama ba ta faɗo ba. Najeriya ma tana bisa hanya. Suna cewa, in maƙwabci ya sauke kaya, don mi Nijar za ta ƙara gammo? Suna tuna lanho, da bulalar gardi, da hatsin da ake karɓa da ƙarfi. Kuma suna cewa hanyar cin abincin ƙasar nan kudu ta nufa. Gujiya da yawa ta Kano take bi, jirgin ƙasa shi kai ta Legas. Shanu da tumaki kasuwannin Najeriya suke zuwa. Kanwa ma haka. To, mi za a rasa in Faransa ta yi fushi? Direbobi, da ƴan kamasho, da teloli, da mahauta, da ƴan ƙwadago na birane, nan ne ƙarfin Sawaba yake.

Masu "wi" su ma ba wawaye ba ne. Suna cewa Nijar ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa, masu ilimin boko kuwa ana ƙirga su da yatsu. In nasaru sunka kwashe likitoci da malamai rana guda, wa za shi riƙe asibiti da makaranta? Wa za shi biya albashi? Faransa tana sayen gujiya da farashin da ya fi na kasuwar duniya. In ta daina, mai gona ne za shi fara ji a jikinshi. Ga tsofaffin soja da sunka yi ma Faransa yaƙi, kowane shina jiran kuɗinshi na fansho, kuma gida guda na tsohon soja shina ciyar da baki da yawa. Waɗansu mutanen yamma suna tsoron kada Najeriya ta haɗiye ƙasar. Suna kuma nuna aya ta 86, wadda ta ce ƙasa tana iya fita daga tarayya daga baya in ta so. Maganarsu ita ce, sannu ba ta hana zuwa.

Sarakuna da yawa sun bi "wi". Su ma suna da dalilinsu na kansu: gwamnatin Jibo ta tuɓe waɗansu sarakuna, sauran kuwa sunka ga gemun ɗan uwansu ya kama wuta.

Kowane ɓangare shina da gaskiya a bakinshi. Da an bar su su kaɗai, da gardama ce ta ƴan gida. Amma ba a bar su ba.

Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba. Tana yaƙi a Aljeriya tun 1954, Aljeriya kuwa iyaka guda take da Nijar ta arewa. An kuma gano uraniyom a Azelik, wajen Ingal, a 1957. Ga tsoron abotar Jibo da Kwame Nkuruma na Gana, da ƴan NEPU na Malam Aminu Kano. Sai anka aiko da sabon gwamna, sunanshi Kolombani, ana sauran makonni kaɗan a jefa ƙuri'a. Masu binciken tarihi sun nuna yadda bariki ta sa hannu. Kumandodi sunka matsa ma sarakuna, sarakuna sunka matsa ma masu gari. Motocin soja suna yawo cikin ƙasa. Tarukan Sawaba suna gamuwa da cikas. Manyan abokan Jibo, irin su Isufu Sa'idu Jarmakoi, sunka bar shi sunka koma "wi". Jibo shina da sunan shugaban gwamnati, amma mota da waya da bindiga suna hannun gwamna.

Ranar ƙuri'a

Ranar Lahadi 28 ga Satumba 1958 anka jefa ƙuri'a. Kaka ta kama, hatsi ya nuna, tsuntsaye suna cikin gona.

Ga lissafin da anka bayar. "Wi" ta samu wajen 372,000. "No" ta samu wajen 102,000. Watau cikin kowace ƙuri'a 100, 78 "wi" ce, 22 "no".

Amma akwai wani lissafi da ba a cika faɗi ba. Waɗanda anka rubuta sunansu sun fi mutum 1,300,000. Ɗalibai, ku ɗauki allo ku haɗa na "wi" da na "no", ku ɗebe daga wannan. Za ku ga fiye da mutum 800,000 ba su jefa komi ba. Cikin mutum 10, ko 4 ba su fito ba. Wani aikin gona ya riƙe shi. Wani wurin zaɓe ya yi mishi nisa. Wani shina son "no" amma shina tsoron idon mai gari, sai ya zauna gida. Ƴan Sawaba sun ce an yi musu maguɗi. Ƴan RDA sun ce jama'a ce ta ƙi su. Har yau masana suna ja-in-ja bisa wannan.

Gine kaɗai ta ce "no", ƙarƙashin Seku Ture, da ƙuri'a fiye da 90 cikin 100. Ta samu mulkin kai ranar 2 ga Oktoba. Faransa ta cika maganarta: ta janye ma'aikatanta, ta yanke taimako. Gana ta ranta ma Gine fam miliyan 10. A 1960 Gine ta buga kuɗinta na kanta. Masu "no" na Nijar suna nuna Gine su ce, ga shi ba ta mutu ba. Masu "wi" suna nuna ta su ce, ga wahalar da anka tsallake.

A Nijar kuwa, gardamar ba ta tsaya ga akwati na farko ba, don akwai zaɓe a gaba. Cikin Oktoba Jibo ya sauka. Cikin Nuwamba anka rushe majalisa. Ranar 14 ga Disamba anka yi sabon zaɓe. RDA da abokanta masu "wi" sunka samu kujera 49, Sawaba 11. Kujerun nan 11 ma ba su daɗe hannunta ba. Ranar 18 ga Disamba 1958 majalisa ta kafa Jamhuriyar Nijar, Jori ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa. Asalin bukin 18 ga Disamba ke nan.

Cikin Oktoba 1959 anka haramta Sawaba. Jibo ya bar ƙasa. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu mulkin kai. Ko shekara biyu ba a yi ba da cewa "wi". Abin da anka yi ta faɗa kanshi ya zo, amma a hannun waɗanda sunka ce a jira.

Abin baƙin ciki ya biyo baya. Ƙasa ta koma jam'iyya guda har 1974. A 1964 ƴan Sawaba sunka shigo da makamai ta iyakoki. Anka kama su, anka kashe waɗansu, anka ɗaure da yawa. Cikin Afrilu 1965 wani ya jefa gurneti a filin Idi na Yamai ranar Layya. Jori ya tsira, wani yaro ya rasu. Jibo bai komo gida ba sai 1974, bayan Seini Kunce ya karɓi mulki. Jori ya rasu a Maroko a 1989, Jibo ya rasu Yamai a 1998. Allah shi jiƙansu duka.

Gardamar yanzu

An kafa CEDEAO a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, Nijar tana cikin waɗanda sunka kafa ta. A 1979 anka yarda ɗan kowace ƙasa shi shiga ƴar uwarta shi yi kwana 90 ba biza. Ƴan ci-rani na Buza da Keita sun ci moriyar wannan.

Ranar 26 ga Yuli 2023 soja sunka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani. CEDEAO ta sa takunkumi. Anka rufe iyaka, har da ta Ƙwanni da Illela. Najeriya ta yanke wutar lantarki. Wannan ba sai an ba ku labari ba, kun ji shi ga farashin kaya da magani. Ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso sunka ce sun fita. Cikin Fabrairu anka ɗage takunkumi, amma ba su komo ba. Sunka ƙarfafa tasu tarayya ta AES a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024. Fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar nan CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku har sai an sake shawara. Fitar ba ta taɓa kuɗin sefa ba, don shi na wata ƙungiya ne dabam, UEMOA.

Masu murna sun ce ƙungiyar da ta rufe ma ɗan uwa hanyar abinci da magani ba ta ƴan uwa ba ce. Masu damuwa suna tambaya: buhun albasar Galmi da ta fadamar Tarka, nawa za shi biya kafin shi kai Akara ko Abijan nan gaba? Ragon da za a kai Illela fa? Yaron da ke tura baro a Abijan, wace takarda za a tambaye shi gobe? Tambayoyin 1958 ne sunka sake riga. Bambancin shi ne, a 1958 an aza akwati, ko da yake hannun gwamna shina bisanshi. A 2024 gwamnatocin uku ne sunka yi shela, ba a jefa ƙuri'a ba.

Waɗansu ƙasashe ma sun taɓa fita daga ƙungiya. Muritaniya ta bar CEDEAO a shekarar 2000. Mutanen Birtaniya sun jefa ƙuri'a a 2016, 52 cikin 100 sunka ce a bar Tarayyar Turai, amma sai 2020 sunka fita, bayan shekaru ana ciniki bisa kwastan da takardun tafiya.

Wanda ya jefa ƙuri'a a 1958, yau ya haura shekara 85. Ba su da yawa kuma. Duk mai tsoho ko tsohuwa irin wannan a gida, shi zauna kusa da su bayan sallar isha'i shi tambaye su: ina anka aza akwati, wa ya zo ya yi musu bayani, mi mai gari ya ce, sun je ko ba su je ba. Shi rubuta abin da sunka faɗa da hannunshi, ko layi biyar ne, shi kawo ma malamin cibiya ranar karatu mai zuwa.