Kuɗin tallafi da itatuwan ƙasa: abin da shekaru hamsin suka koyar

Gaisuwa ga hakimai, masu gari, malamai, wakilan hukuma da sauran jama'ar da suka hallara domin murnar cikar wannan sarauta shekara ɗari.

Duk dattijon da ke wannan taro shaida ne cewa dajin da ya sani a ƙuruciyarsa ya ja baya. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa, birane sun ƙaru, kuma yawancin gidaje da icce suke girki. Tun daga lokacin kuɗin tallafi ke shigowa Nijar da sunan dashen itatuwa da rage ƙona icce. Ya kamata a dubi inda kuɗin suka yi albarka da inda suka bi iska, domin masu neman tallafi nan gaba su san abin da za su nema.

Hukuma ta fara nata ƙoƙarin da wuri. Tun 1975 aka haɗa ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, da bikin dashen itace. A watan Mayu na 1984, zamanin Janar Seyni Kountché, an yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka ɗauki alkawarin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Manyan furojoji ma sun shigo. A kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, ƙungiyar CARE ta soma shuka layukan dogon yaro a 1975 domin tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. A Keita, kuɗin ƙasar Italiya tare da hukumar FAO sun ɗauki nauyin aikin da ya fara a 1984: an yi madatsun ruwa, an jera duwatsu a kan tuddai, an dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka fi yawa a cikin masu aikin.

Waɗannan ayyuka sun bar alama. Amma a wurare da dama an reni ƙananan itatuwa a leda, an dasa da kiɗa da jawabi, kafin rani ya ƙare awaki da ƙishirwa sun gama da su. Dalili shi ne ba wanda ya ɗauki iccen a matsayin nasa. Dokar gandun daji da aka gada daga zamanin Faransa ta sa manomi ganin icce dukiyar gwamnati ce. Idan ya sare wanda ke gonarsa, tara ke jiransa. Don haka ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

Babban canji ya zo ta hanyar da ba ta ci kuɗi mai yawa ba. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostiraliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sassabewa kowace bazara rassa ne na kututtura masu rai, saiwarsu na can ƙarƙashin ƙasa. Sai ya ba da shawarar a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a tsare su daga dabbobi da gatari. Wannan shi ne sassaben zamani. A yunwar 1984 an raba hatsi ga masu bin wannan dabara, kuma da hatsin ya ƙare mutane da yawa sun sare itatuwan, domin zanen aro ba ya rufe katara. Waɗanda suka bar nasu kuwa sun samu iccen girki, da abincin dabbobi, da gero mai kyau, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan adam a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun ƙarfafa hannun manomi kan abin da ya rena a gonarsa.

Nan ne sarauta ta shigo, kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tarihin Damagaram ya ambaci cewa a ƙarni na 19 Sarki Tanimun ya hana sare gawo, iccen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba dabbobi ƴaƴa da rani. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, kwamitocin gari ne suka ɗauki tsaron itatuwa. Inda maigari ya tsaya, ɓarawon icce yana jin kunya.

Sai ɓangare na biyu, wato murhu. Icce da ya yi shekaru yana girma, kwana kaɗan ya ishe shi zama toka a murhun duwatsu uku, wanda yawan zafinsa ke tashi gefe. Shi ya sa a shekarun 1980 aka fito da murhun ƙarfe Mai Sauƙi, wanda maƙeran gida ke yi daidai da girman tukunya. Dokar 1992 ta kafa kasuwannin icce na karkara, domin ƙauyukan da ke kusa da daji, irin na Baban Rafi a kudancin Maraɗi, su sare bisa ƙa'ida su kuma samu rabo daga haraji. Buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011 ta sa gas na girki ya samu a cikin ƙasa, ko da yake kuɗin tukunyar gas ɗin farko ya fi ƙarfin gidaje da yawa. A nan tallafi ke da amfani ƙwarai, idan ya bi ta ƙungiyoyin mata masu asusu.

Ƙofar tallafi ba kullum take buɗe ba: bayan sauyin mulki na 2023 ƙasashe da dama sun dakatar da taimakonsu. Akwai dai tsare-tsaren da aka yi domin ƙungiyoyin gari, kamar na ƙananan tallafi na Asusun Muhalli na Duniya, wanda a shekarun baya ya saba ba da har dalar Amurka 50,000 ga aiki guda. Masu irin wannan kuɗi suna neman ƙungiya mai takardun hukuma, da asusu, da gudummawar jama'a, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saboda haka, kafin a sa hannu kan kowace takarda, a tantance abubuwa huɗu a gaban sarki da magajin gari: mai filin, mai iccen idan ya girma, mai tsaro da ban ruwa har shekara uku, da burtalin da makiyayi zai bi ba tare da rigima ba. A karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a. A ƙidaya itatuwan da suka rayu bayan rani, ba waɗanda aka dasa ranar biki ba.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani, ya ba ƙasa damina mai albarka, ya sa jikoki su yi bikin shekara ɗari biyu a inuwar abin da aka rena yau. Amin.