Ciwon Injin Gas da Yadda Ake Gano Shi



Mun san akwai waɗanda suka yi mamaki da jin abin da za mu yi magana a kansa yau, suna cewa me ya haɗa ɗan jami'a da baƙin mai? To, ga abin da ya haɗa su. Nan ba da daɗewa ba da yawanku za su kama aiki a ma'aikatu da ƙananan hukumomi, a danƙa muku a-kori-kura da direbanta. Duk ran da ta lalace, ku ne za ku sa hannu a takardar kuɗin gyara. Wanda bai san abin da yake sa wa hannu ba kuwa, ko dai a cuce shi, ko kuma a cuci jama'a da sunansa.

Bari mu fara da abin da ya faru da mu. Wata shekara, dab da faɗuwar damina, mun taso daga Dutse da irin shuka za mu kai wa manoman ƙauyukan Kiyawa. Mun wuce Shuwarin kaɗan, a kan babbar hanyar da ta nufi Azare, sai motar ta fara shaƙewa, tana ja tana saki, daga bisani ta mutu murus. Bakaniken da aka fara kirawo ko murfin injin bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci cewa inji ya buga, sai an sauke shi. Saura ƙiris mu yarda. Allah ya kawo wani dattijon bakanike, wanda bai taɓa sifana ba sai da ya tambayi direba inda ya sha mai. Direba ya amsa cewa a jarka ya saya a bakin hanya. Dattijon ya kwance ɗan murfin da ke ƙasan matatar mai, ya tara kwalba. Abin da ya fara zuba ruwa ne. Ya tsiyaye tanki, ya sa sabuwar matata, ya fitar da iskar da ta shiga bututun mai, motar ta tashi. Da mun bi maganar na farko, da motar ta yi wata guda a gareji, irin kuma ya isa bayan shuka ta wuce.

Domin mu fahimci hikimar dattijon nan, wajibi ne mu san yadda injin gas yake aiki. Wani Bajamushe, Rudolf Diesel, shi ne ya ƙirƙiro shi, injinsa kuma ya yi aiki sosai a shekarar 1897. Injin fetur yana buƙatar fulogi ya ƙyasta wuta. Na gas kuwa iska yake zuƙa zalla, fistin ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 15 zuwa 22 na girmanta. Matsin nan yakan sa iskar ta yi zafin da ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai a cikinta kamar hazo, man ya kama da kansa. Watau abubuwa huɗu injin yake nema: iska mai tsabta, mai mai tsabta, matsi isasshe, da fesa man a kan kari. Galibin cututtukansa daga rashin ɗaya cikin huɗun nan suke tasowa, ko kuwa daga sakaci da ruwa da baƙin mai, waɗanda ke kare shi daga ƙonewa.

Saboda haka binciken mota kamar binciken likita ne. Da tambaya ake farawa. Yaushe ciwon ya soma? Farat ɗaya ta mutu, ko ta daɗe tana rage ƙarfi? A ina aka sha mai na ƙarshe? Allurar zafi ta hau? Daga nan a duba abin da ya fi sauƙi da araha kafin a tunkari mai tsada. In an murɗa makulli inji bai juya da ƙarfi ba, a duba batir da kawunansa, domin injin da ba ya juyawa da sauri ba zai tara zafin da zai kunna mai ba. In yana juyawa amma ya ƙi tashi, musamman da sanyin asubar hunturu, a gwada hita-fulogi, sa'an nan a bi hanyar mai tun daga tanki har zuwa famfo.

Hayaƙin salansa ma shaida ne babba. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi ƙarfin iska. A ƙasarmu, inda ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji ba ta ƙarewa, abin da ya kamata a fara zargi shi ne matatar iska ta toshe. In ta fita daga zargi, sai a koma kan nozul da tabo, da kuma lodin da ya wuce kima. Farin hayaƙi mai yaji a ido man da bai ƙone ba ne, ko don raunin matsi, ko don lokacin fesawa ya goce. Amma in farin hayaƙin tururi ne, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba a ga inda yake yoyo ba, to, gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Za a tabbatar da haka in aka ga kumfa na tasowa a lagireto, ko baƙin mai ya koma ruwan madara. Shuɗin hayaƙi kuwa alama ce cewa injin yana shan baƙin mai, ko ta ringin fistin da ya cinye, ko ta tabo.

Za mu ɗan daɗe a kan maganar mai, gama nan ne akasarin ɓarnar take. Famfo da nozul ba su da wani abin da ke sa musu santsi sai man gas ɗin kansa. In aka gauraya shi da kananzir, santsin ya ragu, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. In ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Tsofaffin injuna sukan jure wa irin wannan wulaƙanci na ɗan lokaci. Amma tun daga 1997 aka fara sa wa ƙananan motoci wani sabon tsari, inda ake tara mai a bututu guda da matsin da kan kai ninki 1,600 zuwa 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa, kwamfuta ce kuma ke sarrafa fesawar. Galibin Hilux masu injin gas da takwarorinsu na zamanin nan a kan wannan tsari suke. Irin wannan inji 'yar ƙazanta kaɗan ta isa ta hallaka nozul ɗinsa. Kuma muna gargaɗi da babbar murya: kada kowa ya sassauta bututunsa ko ya kai hannu neman yoyo alhali inji yana aiki, domin man yana iya huda fata ya shige cikin tsoka. Wannan injin da na'urar karanta kwamfutar mota ake fara bincikensa. Sai dai na'urar tana nuna wajen da za a duba ne kawai, sauran aikin na hankalin bakanike ne.

Akwai alamu biyu da ba a jinkiri a kansu. In fitilar baƙin mai ta kama ana cikin tafiya, a kashe inji nan take, ko da Kiyawa ake hangowa. Tafiyar 'yan mintoci ba tare da baƙin mai yana zagayawa ba ita ce ke jawo ainihin bugawar inji. Haka kuma in allurar zafi ta hau ja, a tsaya, a bar inji ya huce kafin a buɗe lagireto, sa'an nan a duba fanbel da tiyo. Al'adar nan ta cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi kuskure ce, tana rufe ciwo ne kawai, ta kuma hana inji kaiwa zafin da aka tsara masa.

To, yaushe ne ya halatta a sauke inji? Sai an auna matsin kowace silinda an ga ya faɗi, ko an ji ƙarar bugun ƙarfe daga ƙasan inji, ko an tarar da garin ƙarfe a cikin baƙin mai. Duk bakaniken da ya ce a sauke, ku tambaye shi abin da ya auna da abin da ya gani. In an canja kaya, ku ce a nuna muku tsofaffin. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Kuma in aka gyara, a nemo musabbabin ciwon. Wanda ya sa sababbin nozul ya bar ƙazamin mai a tanki, ya dawo da hannun agogo baya.

Rigakafi dai ya fi magani, kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. A kan hanyoyi masu ƙura irin namu, a juye baƙin mai duk bayan kilomita 5,000. A riƙa tsiyaye ruwan matatar mai, a riƙa duba matatar iska. Injunan da ke da bel na saita lokaci, a canja shi tsakanin kilomita 100,000 da 150,000 gwargwadon abin da littafin motar ya ce, domin in ya tsinke fistin yakan daki bawul. A bar inji mai tabo ya yi minti ɗaya ko biyu a silo kafin a kashe shi bayan doguwar tafiya. A sha mai a gidan mai da aka amince da shi. Kowace mota kuma a yi mata littafi, a rubuta ranar juye da ranar gyara da abin da aka canja.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, an sayi motoci masu ɗimbin yawa da dukiyar talakawa, a nan da sauran jihohi. Duk wanda ya leƙa bayan ofisoshi ya ga irinsu jibge a kan duwatsu, awaki na kwana a ƙarƙashinsu. Kowace ɗaya cikinsu wata ce da aka saya domin kai allurar rigakafi, ko taki, ko mai naƙuda asibiti. Muna roƙonku, ran da aka miƙa muku makulli, ku riƙe shi a matsayin amana, ku tambayi direba, ku saurari inji, ku karanta takarda kafin ku sa hannu.

 Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.