Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasin Ruwa Daga Kalifoniya



Maganar da muka zo da ita yau ita ce ta tanadin ruwa, kuma za mu ɗauki misali guda daga gundumar Oranj a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, tana bakin teku, jama'arta kuwa sun dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa. A shekarar 1933 aka kafa hukumar ruwa ta gundumar domin ta kula da wannan taska. Zuwa shekarun 1950 an yi ta jan ruwa fiye da yadda yake komawa, har ruwan gishiri na teku ya soma kutsawa cikin rijiyoyin da ke kusa da gaɓa.

Da hukumar ta ga haka, sai ta dubi ruwan da kowa ya raina, wato ƙazamin ruwan gidaje da ake malalarwa cikin teku. A 1976 ta fara tace shi, tana tura shi ƙarƙashin ƙasa ta wasu rijiyoyi na musamman, ya zama katanga tsakanin gishiri da ruwan sha. Shekara talatin da biyu bayan haka, a 2008, ita da hukumar magudanun gundumar suka buɗe sabuwar matata mai fitar da galan miliyan 70 kowace rana. Aka faɗaɗa ta zuwa miliyan 100 a 2015, sannan miliyan 130 a 2023, wanda ya isa bukatar mutum kusan miliyan ɗaya. Ruwan yakan bi mataki uku: rariya mai ƙananan ƙofofi, sai wata fata da ake matsa ruwan ta cikinta ya bar gishiri da guba a baya, sai haske mai kashe ƙwayoyin cuta.

To, ina darasin? Na farko, daga 1933 zuwa 2023 shekara casa'in ke nan. Waɗanda suka aza harsashin ba su ga ƙarshen ginin ba, amma magadansu ba su yar da shirin don ba su suka ƙirƙiro shi ba. Na biyu, injin kaɗai ba ya wadatarwa sai da yardar jama'a. Birnin San Diyego, maƙwabcinsu, ya jingine irin wannan shiri a 1999 saboda ƙyamar mutane. Hukumar Oranj kuwa ta yi shekaru tana bin taruka tana bayani, tana buɗe ƙofar matatar ga masu son gani da ido.

Mun san a zauren nan wasu za su ce ai ruwan najasa ne. Tambaya ce mai kyau, kuma majalisar manyan malaman Saudiyya ta amsa ta tun 1978, inda ta ce idan an tace shi har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma na asali, to ya tsarkaka.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a kan kujerun ma'aikatun ruwa da na tsare-tsare. Za a kawo mana takardun aikin da wani ya fara, za a kuma nemi mu sa hannu a kan wanda ba za mu sha ruwansa ba. Mu riƙe na farko da amana, mu sa hannu a na biyu ba tare da ƙyashi ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.